Yadda Ake Shiga Kasuwar Manyan Injinan Jirgin Ruwa Ba Tare da Jari Ya Nutse Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Yawuri ko Malale ranar kasuwa ya san ƙarar nan. Tun kafin ka hango jirgin za ka ji ta, 'yan dako kuma daga ƙarar kawai suke gane abin da ke tafe: wannan inji mai ƙarfin doki 40 ne, wancan 75 ne, na bayansu kuwa ya fara neman bakanike. A da, idan mutum ya ce zai shiga sana'ar sayar da injin jirgi, waɗannan yake nufi. Yanzu tambayar da masu ɗan jari suka fi yi mini ta manyan injina ce, masu doki 150, 200, 300 zuwa sama, irin waɗanda suke gani a bidiyo an jera uku ko huɗu a bayan jirgi guda yana keta ruwa kamar zai tashi sama. Suna jin kuɗin inji ɗaya ya kai na mota mai kyau, sai su fara lissafin riba.

Akwai riba, ba na musu. Amma na ga jarin mutane ya nutse a tudu: inji sabo dal a cikin akwatinsa, yana zaune a shago wata da watanni, kuɗin haya na cinsa, canjin dala na cinsa. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne, mai jirgi yana biyan kuɗi ne don ya tabbata gobe da asuba injin zai tashi, in kuma ya ƙi tashi akwai wanda zai kira ya zo. Matakan da ke ƙasa duk a kan wannan aka gina su.

Fara da sanin wa zai saya

Kafin ka kashe ko sisi, ware mako biyu ko uku ka zaga tashoshin jirgi da littafi a hannu. Rubuta sunan kowane inji da ka gani a bayan jirgi, ƙarfinsa, da aikin da yake yi. Kada ka tsaya a gefe kana leƙe. Ka je ka gaishe da Sarkin Jirgi ko Sarkin Ruwa da shugaban ƙungiyar masu jirage, ka faɗa musu abin da ya kawo ka. A bakin ruwa ba a shiga sana'a ta bayan gida, kuma kalma ɗaya daga bakin waɗannan mutane ta fi allon talla.

Abin da za ka gani shi ne kasuwa biyu ce. A Kainji, Shiroro, Ibi, Numan, har zuwa Gaya da Yamai, jiragen katako ne ke ɗaukar mutane da buhuna da dabbobi, injinansu kuma yawanci tsakanin doki 15 ne da 75. Babban inji ba shi da gurbi sosai a nan, domin dogon jirgin katako yana ture ruwa ne da ƙirjinsa, ba ya hawa samansa. Ko ka ninka masa ƙarfi, gudun da zai ƙara kaɗan ne, man da zai sha kuwa ninki.

Manyan injina gidansu jiragen faiba ne da na alminiyom masu ɗagowa su yi sulu a saman ruwa. Masu su suna Legas, inda ake jigilar ma'aikata tsakanin Ikorodu da Falomo da CMS don guje wa cunkoson titi; suna Fatakwal, Bonny, Warri da Yenagoa, inda 'yan kwangilar kamfanonin mai ke kai ma'aikata da kaya; sai hukumomin gwamnati: 'yan sandan ruwa, kwastan, hukumomin agajin gaggawa na jihohin da ambaliya ke addaba, da ma'aikatun lafiya masu motar asibiti ta ruwa. Akwai kuma attajirai masu jiragen shaƙatawa, amma su kaɗan ne, kuma suna da mutanensu tun tuni.

Don haka ka yanke shawara da idonka a buɗe. In a arewa kake son zama, babban cinikinka zai kasance matsakaitan injina da kayan gyara, manyan kuma sai ta hanyar kwangila ko oda. In manyan kake so su zama tushen sana'arka, dole ka sami ƙafa a kudu, ko da ta hanyar abokin hulɗa amintacce ne.

Koyi kayan har ka iya yi wa mai saye gardama

Injinan nan iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, wanda ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai, kamar ƙaramin janareton nan na gida da ake gauraya wa mai. Ba shi da nauyi, yana da zafin tashi, bakanike na bakin ruwa zai warware shi da sufana da sukundireba. Jerin Enduro na Yamaha, wanda ya cika kogunanmu, irin wannan ne, kuma don aikin wahala aka ƙera shi. Aibinsa shan mai da hayaƙi. Sai mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa ke zaune daban kamar na mota. Ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi shiru, ya fi tattalin mai, manyansa kuma ƙwaƙwalwar lantarki ce ke sarrafa su, ba kafireto ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, wannan bambanci ya zama maganar ci da rashin ci. Ga lissafin da masu sana'a ke amfani da shi: inji mai doki 200 idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya yana shan wajen lita 70 zuwa 75 a awa. Idan aka sassauta zuwa matsakaicin gudu, mai bugu huɗu yakan sauko ƙasa da rabin haka. Mai jigilar da ke kan ruwa awa shida a rana, wannan lissafi ne zai sa ya saya ko ya fasa, ba ƙyallin fenti ba. Ka iya yi masa shi a kan takarda, a gabansa, da farashin litar ranar.

Kamfanonin da ke riƙe da kasuwar duniya ba su da yawa: Yamaha, Suzuki, Honda da Tohatsu daga Japan, sai Mercury daga Amurka. A 'yan shekarun nan sun yi ta tseren girma. Suzuki ya fitar da DF350A mai farfela biyu a 2017, Yamaha ya kawo XTO mai doki 425 a 2018, Mercury kuma a 2021 ya fito da Verado mai silinda 12 da doki 600, wanda nauyinsa ya haura kilo 570. Ka san su don kada a yi hira a bar ka a baya, amma kada su ɗauke maka hankali. Abincinka yana tsakanin doki 115 da 300. Akwai kuma na Sin irin su Parsun da Hidea, masu araha, waɗanda suka fi ƙarfi a ƙananan injina.

Suna ɗaya da nake so ka riƙe shi ne Evinrude. Tsohon suna ne mai daraja, amma kamfanin da ke da shi ya daina ƙera shi a 2020. Za a yi maka tayin na hannu da araha mai jan rai. Kafin ka karɓa, tambayi kanka inda za ka samo kayan gyaransa da na'urar duba shi bayan shekara uku.

Yanzu ga abubuwa uku da ke raba ɗan kasuwa da mai sana'a.

Na farko tsawon ƙafar inji. Ana yin ta inci 15, 20, 25 da 30, kuma dole ta dace da tsayin allon bayan jirgi inda ake ɗaure injin. Akwai wani faffaɗan ƙarfe a saman farfela. Idan an ɗaura inji daidai, wannan ƙarfe zai zo kusan daidai da ƙasan jirgi. In ƙafar ta yi gajarta, farfela za ta riƙa shaƙar iska, injin ya yi ta kururuwa jirgi ba ya tafiya, ruwan sanyaya shi ma ya yanke. In ta yi tsawo, jirgi zai yi nauyi, mai ya ƙone a banza, ƙafar kuma ta riƙa dukan yashi da kututture. A farkon shigata na taɓa yin odar inji a kan maganar baki. Mai jirgin ya ce mini a waya allonsa "na daidai" ne, ban je na auna ba. Injin ya iso da ƙafar inci 25, allon kuwa na 20 ne. Sai da aka yi wa jirgin ƙari a baya, kuɗin aikin daga aljihuna ya fita, mutumin kuma ya yi asarar kwanakin aiki da ba zan iya biyansa ba. Tun daga ranar ba na karɓar oda sai na ɗora tef a kan allon da hannuna, ko an turo mini hoton tef ɗin a kansa.

Na biyu nauyi. Doki 40 mutum biyu za su ɗauke shi. Doki 200 mai bugu huɗu ya haura kilo 200, mai 300 kuma ya kai wajen kilo 260. Jirgin da aka ƙera don tsohon inji mara nauyi, idan ka rataya masa wannan, gindinsa zai nutse, ruwa ya riƙa shigowa ta baya duk sanda direba ya sassauta wuta. Ka duba ƙarfin allon da iyakar dokin da maƙerin jirgin ya rubuta, kada ka wuce ta ko da mai jirgi ya roƙe ka.

Na uku farfela, kuma a nan ne ilimin yake. Kowace farfela tana da lamba biyu: faɗinta, da takunta, wato nisan da za ta ci a juyi ɗaya. Kowane inji kuma yana da iyakar juyin da ya kamata ya kai idan an buɗe masa wuta duka. Ga yawancin manyan masu bugu huɗu, tsakanin 5,000 ne da 6,000 a minti. Idan takun ya yi yawa, injin ba zai kai wannan juyi ba, zai riƙa nishi kamar motar da aka sa wa giya ta biyar a kan tudu, kuma a hankali fistin da bearin za su gaji. Idan takun ya yi kaɗan, zai zarce iyaka. Ƙarin inci ɗaya a taku yana rage juyi da kamar 150 zuwa 200. Da wannan ƙa'ida kaɗai za ka gyara jirage da yawa da masu su suka ɗauka injinsu ne ya mutu. Farfelar alminiyom tana da araha, kuma idan ta daki dutse ita ce ke karyewa ta ceci gidan giya. Ta ƙarfen silba mara tsatsa ta fi gudu da juriya, amma dukan da ta sha yana wucewa ciki. A ruwa irin na Kainji, inda itatuwan da tafkin ya shanye tun kammala dam ɗin a 1968 suke tsaye a ƙarƙashi, wannan zaɓi ba ƙarami ba ne.

Shiga ta ƙofar kayan gyara

Shawarar da nake bai wa kowa, ko da yana da kuɗin kwantena, ita ce ya yi aƙalla shekara guda yana sayar da kayan gyara da hidima kafin ya ajiye babban inji a shago. Kayan nan ba sa kwana: robar famfon ruwa, fulogi, matatar mai, man giya, baƙin mai, tamostat, farfela da robar cikinta, gasket, igiyar tayarwa, tiyon mai da ɗan famfonsa na hannu. Ruwan Neja da Binuwai a lokacin damina cike yake da yashi, yashi kuma yana cinye robar famfo da wuri. Kainuwa da kacalla da ledoji suna toshe ramin shan ruwa. Duk wannan ciniki ne na kullum, kuma shi ne zai koya maka wane inji ne ke yawan ciwo, wane mai jirgi ne ke biyan bashi, wane bakanike ne ke da hannu.

Kula da baƙin mai. Mai bugu biyu yana son mai alamar TC-W3, kuma yawancinsu ana gauraya kashi 1 cikin 50 na fetur. Mai bugu huɗu yana son mai alamar FC-W. Jabu ya yi yawa a kasuwa, har da kwali da hatimi. Ka saya daga wakilin kamfani ko da ribar ta ragu. Ranar da jabun robar famfo ta narke a tsakiyar ruwa, sunanka za a kira, ba na wanda ya ƙera ta ba.

A wannan shekarar ce kuma za ka nemi bakanikenka. Manyan injinan yanzu ba a gyara su da kunne kaɗai. Kowane kamfani yana da manhajarsa da wayar da ake jona kwamfuta da ƙwaƙwalwar inji, ta nuna laifin da ya faru da awannin da ya yi yana aiki. Nemi matashi mai natsuwa wanda ya riga ya iya ƙananan injina ko lantarkin mota, ka biya masa horo wajen wakilin kamfani, ka sayi na'urar da sunan shagonka, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Ba tare da shi ba, kada ka sayar da inji mai ƙwaƙwalwa ko ɗaya.

Takardu da hanyar samo kaya

Yi wa kasuwancinka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka sami lambar haraji da asusun banki na kamfani. Babu hukuma ko kamfanin mai da zai ba ka kwangila ba tare da su ba. Ka kuma gabatar da kanka a ofishin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lakwaja. In a Legas kake, har da LASWA, takwararta ta jiha.

Hanyar samo sabon inji biyu ce. Mafi sauƙi ita ce ka zama ƙaramin dila a ƙarƙashin babban wakilin kamfani a ƙasar. Ribar ba ta da kauri, amma kana da garanti, kana da horo, kana da inda za ka kai kuka. Ta biyu ita ce ka shigo da shi da kanka, daga Dubai ko wani wuri. A nan za ka buɗe Fom M, wato takardar shigo da kaya, ta bankinka, ka nemi takardar shaidar ingancin kaya ta SONCAP, kwastan su fitar maka da PAAR, wato rahoton kimanta kaya kafin isowarsu, sannan a biya kuɗin fito da harajin VAT na kashi 7.5. Lambar da kwastan ke sanya injin fetur na bayan jirgi a ƙarƙashinta ita ce 8407.21; ka tabbata ejan ɗinka mai fito maka da kaya ita ya rubuta, domin sauya lamba don rage kuɗin fito shi ne ke sa a riƙe kaya a tashar Apapa ko ta Onne kuɗin ajiya yana hawa kullum. Kuma tun kafin ka tura ko dala ɗaya, ka sa ejan ya binciko maka a rubuce ko girman injin da kake so yana buƙatar izinin hukumomin tsaro. An sha taƙaita amfani da injina masu doki 200 a rafukan Neja Delta saboda 'yan fashin ruwa da ɓarayin mai, a Tafkin Chadi ma zirga-zirgar jirage tana ƙarƙashin idon sojoji. Ka sani kuma cewa injin da aka sayo ta bayan wakili, sau da yawa wakilin ƙasa ba ya karɓar garantinsa.

Na hannu, wato tokumbo, shi ne inda ake samun riba mai kauri, shi ne kuma inda ake karyewa. Ga yadda nake duba shi, kuma ba na tsallake ko ɗaya.

Ina fara da lambar inji a jikin maƙalarsa. In an kankare ta ko an sake manna ta, na bar wurin, domin satar injin jirgi sana'a ce a ƙasashe da yawa. Sai in cire murfi in duba kan silinda da kusoshi. Farin gari mai kama da kanwa, fenti mai kumbura, kusoshin da suka ci suka ƙi juyawa, duk alamar ruwan gishiri ne da ba a riƙa wankewa ba, kuma abin da ke cikin hanyoyin ruwan ya fi na waje muni. Daga nan a cire fulogi a auna matsin kowace silinda. Bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Sai a kwance kusar ƙasa ta gidan giya a ɗan tsiyayo mai a tafin hannu. In ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. In ka murza ka ji ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya sun fara ci. A juya farfela da hannu a ga ko sandarta ta lanƙwashe. A gwada na'urar ɗaga ƙafa da saukewa, a ga ko tana zubar da mai ko tana saki da kanta. Sannan a jona kwamfuta. Ita ba ta jin kunyar kowa: za ta faɗi awa nawa injin ya yi, nawa daga ciki a kan cikakkiyar wuta, sau nawa ya yi zafi fiye da kima. A ƙarshe a tayar da shi cikin ruwa, a jirgi, da kaya. Injin da ke waƙa a cikin durom yana iya shaƙewa da zarar an ɗora masa nauyi. Kuma kada ka bari kowa ya tayar da shi a bushe, ko na daƙiƙa kaɗan ne, domin robar famfo tana ƙonewa nan take.

Lissafin farashi

Kuɗin da ka biya mai sayarwa somin-taɓi ne. Ka tara kuɗin jirgi da inshora, fito da haraji, ladan ejan, kuɗin tasha, mota zuwa shagonka, sannan kayan haɗi. Babban inji ba ya zuwa da komai a hannunsa: sitiyari mai aiki da matsin mai, akwatin giya da totur, wayoyi, agogunan gaban direba, batir, tanki, matatar raba ruwa da mai, wani lokaci har farfela, duk daban ake saye. Sababbin shiga sukan manta da wannan su yanka farashi, sai ranar ɗauri su ga ribar ta tafi.

Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanka darajarta a watan Yunin 2023, ƙa'idata ita ce farashin da na bayar yana da kwanakin da zai yi ya mutu, kuma a rubuce. Ka sa farashi a kan abin da za ka kashe ka maye gurbin injin yau, ba abin da ka saye shi wata uku da suka wuce ba. Manya-manyan kuma kada ka ajiye su. Ka karɓi kafin alƙalami mai nauyi, ka yi oda, a biya ciko kafin inji ya bar hannunka. Kwangilar gwamnati tana da daɗin ji, amma biyanta yakan yi jinkiri. In jarinka ba zai iya jiran wata shida ba, ka haɗa gwiwa da wanda nasa zai iya, ko ka haƙura.

Game da bashi ga masu jigila: ana yi, amma ta hannun ƙungiyarsu, da shaidar shugabanta, da biyan mako-mako. Bashin da aka bayar don kunya a bakin ruwa ba ya dawowa.

Ranar ɗauri da gwaji

Kada ka miƙa babban inji a ƙofar shago ka ce a sauka lafiya. Ka bi shi har ruwa. A huda allo daidai, a sa kusoshi masu ƙarfi da abin toshe ruwa. In biyu za a jera, ɗaya ya zama mai juya farfela dama, ɗaya hagu, don kada jirgi ya riƙa karkata. A sa matatar raba ruwa da mai mai lamba 10, wato ma'aunin ƙanƙantar dattin da take tacewa, tsakanin tanki da inji, ba tare da jayayya ba. Fetur ɗin da ake sayarwa a jarka a bakin ruwa yakan zo da ruwa da datti, kuma kowa ya tuna gurɓataccen man da ya bazu a ƙasar a watan Fabrairun 2022 ya lalata motoci. Kafireto yana iya haƙuri da ƙazamin mai, injekta irin na manyan injinan nan ba ya yi. Ka duba kuma ɗan dunƙulen ƙarfen da ake liƙawa a ƙafa don tsatsa ta ci shi maimakon jikin inji: na ruwan gishiri daban, na ruwan daɗi daban, kuma ba a shafa masa fenti.

Sai a fita gwaji da irin nauyin da jirgin zai riƙa ɗauka. Sabon inji yana da awa 10 na farko da ake lallaɓa shi, ana sauya gudu, ba a daɗe a kan cikakkiyar wuta. Bi abin da littafinsa ya ce. Bayan nan ne za a buɗe shi a karanta agogon juyi a tabbatar farfela ta dace. Ka zo da farfela biyu ko uku masu taku daban-daban don a gwada a wurin.

Ka zaunar da direban, ba mai jirgin kaɗai ba, domin shi ne zai kwana ya tashi da injin. Nuna masa siririn ruwan da inji ke tsartarwa ta baya, ka ce masa duk sanda ya tayar ya fara kallon nan. In ya tsaya, a kashe. Koya masa ma'anar ƙarar gargaɗi, kuma ka roƙe shi kada ya bari wani ya cire ta don tana damunsa. Ka ɗaura masa igiyar kashe inji a wuyan hannu da kanka. Jirgi mai doki 200 da direbansa ya faɗa ruwa ba ya tsayawa, kewayawa yake yi ya dawo kan wanda ya faɗi.

Wanda ba za ka sayar wa ba

Wannan sana'a tana taɓa rayuka kai tsaye. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a kusa da Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ba, ko na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda mutum sama da 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Lodi fiye da kima, tsufan jirgi, tafiyar dare da rashin rigar ruwa su ne ke maimaituwa a irin waɗannan masifu, kuma ƙa'idar NIWA ta hana tafiyar dare ta wajabta rigar. Idan mutum ya zo yana son babban inji don ya ƙara lodi a kan tsohon katakon da kai da kanka ka ga yana yoyo, ka gaya masa gaskiya cikin girmamawa: "Alhaji, wannan jirgi ba zai ɗauki wannan inji ba, a fara gyara shi tukuna." Zai iya fushi ya tafi wani wuri. Ka bar shi ya tafi. Ka ajiye rigunan ruwa a shagonka, ka sa su cikin lissafin kowane ciniki.

Haka nan wanda ya zo da kuɗi a jaka yana son doki 200 guda biyu yau-yau, ba ya son rasit, ba ya son a ga jirgin, ba ya son a rubuta sunansa. Ka nemi katin shaida, takardar rajistar jirgi da adireshi, ka rubuta lambar inji a rasit da littafinka. In ya ƙi, cinikin ya mutu a nan.

Littafin nan shi ne kuma zai riƙa kawo maka aiki. Kowane inji ya sami shafinsa: ranar ɗauri, farfelar da aka sa, juyin da ya kai, sunan direba. Sabis na farko yana zuwa a awa 20, inda ake canza baƙin mai da man giya a sake ɗaure kusoshi, daga nan kuma duk awa 100. Mai jigilar da ke aiki kullum zai cika awa 20 cikin mako guda, kuma ba zai tuna ba. Kai ne za ka kira shi a rana ta huɗu ka tambayi abin da agogo ya nuna, ka sa rana, bakanikenka ya isa tasha da mai da matata tun kafin a fara lodin safe.